Mun Yafe wa Wanda Ba Shi da Fuska

Shekarun baya, bayan fara ta cinye mana gero, kafin a ɗebi samari zuwa yaƙin Turawa, mota ɗaya tal muka sani tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Ta wani Alhaji ce, mutumin Kurfi, gyaɗa da auduga take ɗauka. Ina yarinya lokacin. In muka ji kukanta muna ɗiban ruwa, sai mu yar da tulu mu faɗa cikin dawa. Ni da ake cewa ba na tsoron kowa, ni ce kan gaba a gudun.

Motar nan ce ta taka ƙafar kawuna yana dawowa daga gona. Ku saurara da kyau ku ji yadda ake yi a da, don nan maganar take. Alhaji ya zo gidanmu da kansa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Manya suka ce, "Ƙaddara ce, mun yafe." Shi kuma ya ce, "Ku kun yafe, ni ban yafe wa kaina ba." To daga nan ake fara magana. Kai ka yafe don a san gidan da ka fito, shi kuma kunya ta sa ya ɗauki fiye da abin da bakinka zai iya roƙa. Duk damina sai ya aiko mutane su nome gonar kawu, noman farko da maimai, har kawu ya koma ga Allah. Ba alƙali, ba shaida.

Shekaru suka ja. Waɗanda suka je yaƙi suka dawo, ni kuma ina gidan mijina a Makera, gidan malamai, da goyo a baya. Motoci suka ƙaru. Sai muka ji wai Turawa sun kafa sabuwar doka, kowace mota sai an yi mata inshora. Ranar da na fara jin kalmar nan "amin" na ce, na ɗauka insha Allahu aka ce. Maigidana ya yi dariya har ya ƙware da fura.

Wata ranar kasuwar Kurfi ya kora jakinsa da dawa. A gangaren wani rafi birkin mota ya ƙi, ta kwashe shi har da jakin. Jaki ya mutu nan take, shi kuma aka kawo mani shi a kan ƙyaure, ƙugu da cinya sun tafi. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Ya rayu, amma kowa ya san ba zai ƙara sunkuyawa da hauya ba, kuma gonar nan ita ce cinmu.

Da aka ce sabuwar motar Alhajin nan ce, sai hankalina ya ɗan kwanta. Na share zaure, na shimfiɗa tabarmar baƙi. Alhaji bai zo ba. Wanda ya zo wani akawu ne a kan keke, ya ce kamfanin inshora ne ya aiko shi. Ina bayan zana ina jin su da surukina.

"Ina mai motar?" in ji surukina.

"Allah gafarta Malam, yanzu ba ruwansa. Doka ta ɗauke maganar daga kansa ta ɗora wa kamfani."

"Shi kamfanin ɗan wane ne?"

"Ai ba mutum ba ne, Malam."

"To aljani ne?"

Akawu ya yi murmushi, ya ce abin da aka aiko shi ya tambaya shi ne ko muna neman diyya. Na ji surukina ya gyara murya. "Yaro, a gidan nan ba a sayar da ƙafar ɗa. Ƙaddara ce, mun yafe."

Ba zan yi wa akawun nan ƙarya ba, ya ja kunnenmu. Ya ce, "Malam, ka sake tunani. In na kai wannan magana, ta rufu kenan." Mu kuwa sai muka ɗauka irin nacewar mutunci ce da muka sani. Surukina har ya ce, "Ka ji ɗan halak. Mun yafe, duniya da lahira." Aka leƙa ɗaki aka tambayi maigidana, ya ce abin da Baba ya faɗa shi ne. Suka dangwala yatsa a takardar da ya zo da ita, akawu ya sha ruwa, ya hau kekensa. Ni a bayan zana har ina jin daɗi, na ce mun yi namu, saura nasu.

Ruwan shuka ya sauka. Maƙwabta suka shuka, geronsu ya fito, gonarmu tana kwance. Ba wanda ya zo. Sai na ɗaure goyona na taka har Kurfi, na yi sallama a ƙofar Alhaji.

Yana ganina ya gane ni. Ya tsufa. Ya ce, "Ɗiyata, wallahi ban yi barcin kirki ba tun ranar. An gargaɗe ni, in na taka gidanku na ce laifina ne, ko na ba ku ko zangarniya ɗaya da sunan haɗarin nan, kamfani zai zare hannunsa. Na ɗauka za ku nema su biya ku. Don haka fa aka kafa dokar. Me ya sa kuka yafe?"

Na ce, "Baba Alhaji, ranar da ka zo gidan kawuna, me aka ce maka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wannan ni ne, ɗiyata. Shi kamfani ba shi da fuskar da zai sunkuyar." Sannan ya ce zai aiko mana da dawa a ɓoye, amma sai dai a ce sadaka ce.

Na miƙe na gyara goyona. Na ce, "Haƙƙi na zo nema, ban zo bara ba. Allah ya ba mu alheri."

Kashegari na ɗauki hauyar maigidana. Matar gidan malamai a gona, an yi ta magana a Makera, na bar su da bakinsu. Ƙarfina bai kai ba, rabin gonar muka bar wa wani ɗan'uwa, rabin na riƙe da hannun nan nawa har yarana suka tasa. Ba wahalar noman ce ke ci mani rai ba. Maigidana ne. Yakan sa a ɗauke shi a ajiye gindin kuka a bakin gona, yana kallona. In ya ji kukan mota daga nesa sai ya ce mani, "Ke, shimfiɗa tabarma a zaure, ko Alhaji ne." Na san ba shi ba ne, amma ban taɓa ƙin shimfiɗawa ba, har ranar da aka fitar da gawar maigidana ta zauren.

Ban ce dokar mugu ce ba. Daga baya na ga waɗanda suka san hanya, aka yi masu magani da ita. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne kalmarmu ta sauya ma'ana a hanya. A bakinmu buɗe ƙofa ce, a kunnensu rufewa. Shi ya sa nake gaya wa jikokina, kafin ku yafe, ku fara tambaya wa kuke yafe wa, in mutum ne ku yafe da zuciya ɗaya.

Surukina ya tafi, Alhaji ya tafi, akawun ma na ji ya rasu. Cikin waɗanda suka san wannan magana, saura ni da ƙanwar maigidana da ke Kutawa, ita ma ido ya tafi. Sai kuma kamfanin, an ce shi ba ya mutuwa. Har yau bai zo mani gaisuwa ba.