Ranar da Katafila Ta Shiga Filin Kakana

Jiya na bi ta bayan layin dogo a Kafanchan, inda ake share wani fili, sai warin dizal haɗe da na ɗanyen itace ya bugi hancina. Sai da na tofar da yawu. Kada ka ce na cika tsirfa. Tsaya ka ji dalili.

Ina da shekara tara babana ya ce zai fita daga gidan gado ya gina nasa, a ƙauyenmu kusa da Godogodo. Kakana, mahaifinsa, ya nuna masa jejin da ke bayan gona, amma ya hana shi sare ko kara ɗaya sai damina ta wuce. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, tsohon yakan ɗauki sandarsa ya shiga jejin nan ba takalmi. Inda ruwa ya kwanta sai ya kafa turke. Inda tafin ƙafarsa ya ji ƙasa ta yi tauri sai ya tsaya ya daɗe yana dube-dube. Babana ya yi ta ƙunƙuni, amma ba a gaban tsohon ba.

Bayan girbi aka kira gayya. Maza suka zo da adda da gatari da diga, mata suka jera tukwanen faten acca da kunu a inuwa, tulun burkutu kuma aka kai shi can gefe don kada idon fasto ya faɗa kansa. Kwana huɗu aka yi. Ba a sare itace sai kakana ya ɗora hannu a kansa ya ce a sare. Ɗorawa biyu da wani babban atili ya ce a bar su. Baƙar ƙasar sama kuwa, wadda ganye ya ruɓe a cikinta shekara da shekaru, da kwando mata suka kwashe ta zuwa lambu. Har yau ina jin sanyinta a tsakanin yatsuna. A kan tudu aka haƙa harsashin gidanmu. Gangaren da ke ƙasa, inda turakun nan suka yi yawa, kakana ya ce, "Nan na ruwa ne, ku bar masa." Da ya rasu, a gindin atilin aka binne shi, a bakin gangaren, aka kewaye wurin da duwatsu.

Shekara uku da suka wuce, yayana da ke aiki a Abuja ya ce zai gina gida irin wanda ba a taɓa gani a ƙauyen ba: bene, wurin ajiye mota uku, da tagogi tun daga ƙasa har sama. Babanmu ya riga ya rasu, saura mama a gidan tudu. Gangaren nan ya zaɓa, saboda ya fi kusa da titi, duk mai wucewa zai gani. Mama ta ce masa wurin yana riƙe ruwa. Ya yi dariya.

"Mama, wannan zamanin injin ne. Injiniya ya riga ya zana fulan, za a cika wurin da jar ƙasa, shi ke nan."

Injiniyan bai taɓa taka filin ba. A waya aka tura masa hotuna.

Ranar Asabar aka kawo katafila. Ni na makara, don sai da na gama darasin Asabar a makarantar da nake koyarwa sannan na hau mota daga Kafanchan, na ƙarasa da mashin. Da na sauka ban gane wurin ba. Ɗorawa biyu suna kwance saiwa a sama. Atilin da muka ci 'ya'yansa tun muna yara ya tsage gida biyu, ƙaro yana zuba daga jikinsa. An ture baƙar ƙasa da duwatsu da ciyawa an tara su tsibi guda a bakin rafi. Direban yana zaune kan taya yana cin burodi da kifin gwangwani.

Mama na hango a jikin tsibin, a durƙushe, tana tono da hannu. Na matsa. Ƙashi ne take zarowa, dogo, ya yi ja saboda ƙasa. Na tambayi direban ko ba a nuna masa kabari ba. Ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Madam, ni oga ya ce in kwashe komai, komai. Ban ga wani kabari ba, dutse kawai na gani." Ya jefar da gwangwanin a kan tsibin.

Na kira yayana. Ka san me ya ce? "Kin tabbata ba na saniya ba ne? Ku bar mutumin nan ya gama, da awa ake lissafin injin." Shi ne fa wanda kakana yake ɗorawa a wuya zuwa majami'a. Na kashe wayar, na koma bayan kututture na yi amai.

Mama ta kwance zanenta na sama, muka tattara abin da muka samu a ciki. Ba duka muka samu ba. Washegari bayan sujada fasto da dattawa uku da matan zumunta suka zo, aka sake binne shi a bayan gidan tudu. Yayana bai zo ba. Ya turo katan biyu na lemo.

An zuba jar ƙasa tifa bayan tifa, an haƙa harsashi, an jera bulo har ya kai gwiwa. Damina ɗaya ta isa. Ruwa ya ɓullo daga ƙasa, bangon ya tsage, jar ƙasar ta gangara ta toshe rafin da mata ke wanki. Yanzu in ka je, abin da za ka gani ramuka ne cike da koren ruwa da kwaɗi da sauro. Mutane sun mai da wurin juji. Ledoji, mushen kaji, har da masu zagayawa ciki da sassafe. Aladu ne kaɗai ke jin daɗinsa.

Kirsimetin bara yayana ya zo da sabon fulan. Ya shimfiɗa shi a kan teburin mama, ya ce injiniya ya gano tudun ya fi kyau, za a rushe tsohon gidan, ita kuma a yi mata ɗaki a bayan benen. Mama ta daɗe tana kallon takardar, ko da yake ba ta iya karatu ba. Sannan ta ce masa da yarenmu, a hankali:

"Ka jira in mutu tukuna. Amma tun yanzu nuna mini a takardar nan inda injinka ba zai bi ba, don ƙanwarka ta san inda za ta sa ni."

Ya naɗe takardar. Bai ci shinkafar Kirsimetin ba ya koma.

Ban ce kada a gina bene ba, ni ma a gidan siminti nake kwana. Amma yanzu duk ƙauyen da ka bi, daga nan har Manchok, sai ka ga an kankare fili ƙwal, an kafa allo, mai shi yana birni bai ma san me aka ture ba. Mama tana nan da ranta a gidan tudu. Takardar filin tana cikin akwatina a Kafanchan, kuma ba a haifi wanda zai karɓe ta a hannuna ba.