Hancina da Hancin Jaririyar Bintu

Aikin farko yau: ɗora ruwan wankan jaririyar ƙanwata Bintu.

Iya Falmata, yayar mahaifinmu, ce ke wankan. Tana gasa hancin yarinyar da tsumma mai ɗumi, tana jan shi sama, sai ta ce:

"Hadiza, wai Damagaram za ki a yanka miki hanci? Da girmanki? Canza halittar Allah ne fa."

Tun ranar da muka gudo daga Bosso na faɗo daga mota hancina ya karkace. Da baki nake numfashi, ko ƙamshin tattasai ba na ji. Na sha ɗage ranar aikin, ina zargin kaina ko son kyau ne kawai.

Na ce, "Iya, ku me kuke yi wa wannan?"

"Tsayar mata da shi nake, kar ya baje."

"To, nawa ma tsayarwa za a yi. Ku da tsumma, likita da wuƙa."

Ta harare ni, amma ba ta saki hancin ba.

Ko don kyau ne ma, hancina ne. Wanda ba a ja masa nasa yana jariri ba, ya zo ya yi mini faɗa.

Gobe:
– karɓo hoton asibiti
– yankar tikitin mota
– sallamar Iya, ba neman izini ba