Ranar da na ce "Ɗana ne"

Har in koma ga Allah ba zan manta da zaman da aka yi a kaina a Kalgo ba.

Na daɗe ina dafa wa ɗalibai abinci a wata makarantar kwana a Gwandu. Da ciwo ya kwantar da ɗana na fari, sai na ajiye aikin don in yi jinyarsa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna nata ne. Haka na taras, haka na yi. Shi ya sa da shugaban makarantar, wanda baƙo ne a garin, ya tambaye ni dalili, na sunkuyar da kai na ce, "Wani yaro ne a gidanmu ba lafiya."

Yaron bai tashi ba. Bayan an share makoki na nemi kuɗin sallama, don da su nake sa ran ciyar da ƙannensa, mahaifinsu ya riga mu gidan gaskiya. Aka ce ban cancanta ba, wai ana ba wanda ya bar aiki saboda ciwonsa ne ko na ɗansa, ni kuwa ɗan wasu na yi wa jinya.

Na kai kuka ga kwamitin masu makarantar a Kalgo. Shugaban kwamitin ya ce, "Inna, mun tausaya miki, amma ba za mu biya kowa don ciwon ɗan maƙwabta ba."

Sai wata dattijuwa a cikinsu, mutuniyar Ceberu, ta zuba mini ido ta ce, "'Yar uwa, yaron nan da kike ta kewayewa, na fari ne ko?"

Na gyaɗa kai.

Ta ce, "Ni na gane, su kuwa sai sun ji da bakinki. Faɗi, ba mai yi miki dariya."

Na ce, "Ɗana ne." Tun da na haife shi ban taɓa furta haka a gaban mutane ba.

Shugaban ya cire tabarau ya yi mini ta'aziyya, suka amince a biya ni. A motar komawa Gwandu na ji ƙirjina ya yi sakayau, kuma ba don kuɗin kaɗai ba.

Ban raina kunyar da aka rene ni da ita ba. Amma na koyi cewa akwai maganar da ya kamata mutum ya faɗa tun mai ita yana iya ji.