Malama Mai Ɓawo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Mayu, labarin rasuwarki ya iske mu a ɗakin gwaje-gwaje, tukunya na kan wuta. Babu wanda ya tuna da ita sai da ta ƙone.

Malama, kowa wake yake ci ya zubar da ɓawo, ke kuwa kin juya al'amarin. Baƙin waken suya kike saye, ki ɓare, ki rabar da ƙwayar, ki ajiye ɓawon. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba miki Mai Ɓawo, kuma kina amsawa. Ke kika koya mini a busar, a niƙa, a dafa, a tace, a zuba sinadari har wani farin abu kamar auduga ya kwanta a ƙasan kwalba. Kin ce sukari ne mai doguwar sarƙa. Na taɓa ɗanɗanawa, ba zaƙi ko kaɗan, kika yi dariya har da hawaye. Abin da ba ki yarda da shi ba shi ne jiƙa wake kafin a ɓare, wai ruwa ɓarawo ne.

Kashin ƙarshe na waken binciken digirina kin tafi da shi gida ki ɓare, ki shanya ɓawon a inuwa, sai ciwo ya kwantar da ke. Idan babu shi, aikin shekaru ya tashi a banza. Na zo gaisuwa na tarar 'yan'uwa suna share gida, na ji tsoron kada su haɗa da ɓawon su zubar. Amma wa zai tambayi ɓawo a gidan makoki? Na yi gaisuwata na koma.

Shekaranjiya sai ga maigidanki a ƙofar ɗakin gwaje-gwajenmu da buhu a kafaɗa, mutumin da ya sha tsokanarki cewa ya auri mai kiwon akuya ba akuya. Ya sauke ya ce, “Rabin waken ta bari ba ta ɓare ba, na ƙarasa mata. Ban jiƙa ba, wallahi.” Na dubi faratansa, duk sun yi baƙi. A nan na yi kukan da na riƙe.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi, Ya sa abin da za mu fitar daga buhun nan ya zame miki sadaka mai gudana. Amin.