Abin da Yaya ya koyo a gonar rake

Shekara tara yayana ya yi a kurmi yana aiki a wani kamfani da ke dafa barasa da rake. Ran da kamyo ya sauke shi a tashar Dakoro, Baba ya wuce shi bai gane shi ba. Idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya kumbura, sauran jikin kuwa ƙashi da fata. Lokotoro ya ce hanta ce, a kai shi gida.

Abinci ba ya zama a cikinsa, sai rake. Ran kasuwa nakan sayo, in fere, in yayyanka masa. Wata rana da hantsi ya ɗauki gaɓa ɗaya ya daɗe yana shinshinawa.

"Auta, ku duk giya kuke ce mata, alhali ba ɗaya ba ce. Akwai fara, wadda ake yi da ruwan ɗanyen rake. Ƙanshinta kamar gona ran da aka yi yanka. Akwai ta maɗi, wadda ake rufewa cikin gangar katako shekaru har ta yi ja. Wannan ta masu hali ce, ni cika kwalba kawai nake yi."

"To, wacce ka sha, Yaya?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ta uku. Wadda mu lebura muke dafawa cikin tano, wato duron ƙarfe, a bayan gona. Ba ta da suna."

Ashe Inna tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu.

"A gidan nan kake karantar da ita giya? Tashi, Auta!"

Na miƙe. Ya kama bakin zanena ya ce, "Zauna, ban kai inda zan je ba." Na dubi Inna, na zame zanena na fita. Bayan nan kullum in na kawo rake sai in ajiye in juya, shi ma bai sake tada zancen ba. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya.

Da aka yi sadakar bakwai, ni da Inna muka buɗe jakarsa. Cikin aljihun wata riga muka sami hoton yarinya 'yar kamar shekara huɗu, da goshin Baba sak. Ba suna a baya, ba gari. Inna ta zauna a ƙasa tana juya hoton, tana tambayata, "Bai faɗa miki komai ba?"