Auwalu Tsinke, wanda na kayar da ƙuri'ata

Auwalu Tsinke ya rasu.

Yau da safe ina buɗe shagon askina wayata ta yi ƙara. Modu ne daga Gafasa, yana kuka har ba na gane maganarsa. Da ƙyar ya ce, “Yaya Nasiru, mota ta buge Auwalu a hanyar Kademi. Ba a kai asibiti da shi ba.”

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yawancinku a gasar rap ɗin bara kuka san mu. Auwalu ya tsaya wa Gaya, Modu ya tsaya wa Ajingi, aka kara a gidan kallon ƙwallo bayan la'asar. Mu uku ne alƙalai, ni ne na ƙarshen magana.

Zagayen farko Auwalu ya cinye, har benci ya karye saboda tsalle. Na biyu Modu ya rama. A na uku Auwalu ya ɗauko baiti da zafinsa, sai kawai ya yi shiru a tsakiya. Ya sunkuyar da kai, daga baya ya ƙarasa da kame-kame.

Alƙali ɗaya ya ba shi, ɗaya ya ba Modu. Ni ɗan Gaya, na ce Modu.

Kun san abin da ya biyo baya, don wasunku ne suka yi. An jefe ni da ledar ruwa. An ce an saye ni. An haɗa hotona da kan jaki ana yawo da shi a guruf-guruf. Yaran da nake yi wa aski tun suna firamare suka daina ko gaishe ni, shago ya koma ni da ƙudaje.

Rannan da hantsi sai ga Auwalu. Ya jingine mashin ɗinsa a bakin titi inda kowa zai gani, ya zauna a kujera.

“Yaya, a gyara min. Har gobe ban yarda na faɗi ba fa, amma ba wanda ya iya kaina sai kai.”

Ya ɗauki bidiyo muna dariya, ya ɗora. Kafin sati mutane sun dawo.

Haka yake. In ya kawo gyaɗa daga gonarsu sai ya ajiye min kwano, ya ce na yara ne, kar in taɓa.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi na ƙarshe, ya ɗauro buhunan riɗi a bayan mashin. Ya ce bayan girbi za su sake karawa da Modu, kuma ni yake so in yi alƙalanci. Na ce in dai zai sake manta baiti, zan sake kayar da shi.

Ya yi murmushi. “Yaya, ban manta ba. Haɗiyewa na yi.”

Ashe baitin a kan wani ciwo ne na gidan su Modu. Ya zo bakinsa, ya kalli fuskar Modu, ya kasa. Ba zan faɗi mene ne ba, tunda shi ma bai faɗa ba.

Na ce me ya sa bai gaya min tun lokacin ba? Ya ce, “Ai abin da ka ji ka yanke wa hukunci. Daidai ka yi.” Ya tayar da mashin ya tafi.

Modu bai san wannan ba sai yanzu da zai karanta. Yana can Kademi, garin su Auwalu, tun ɗazu, da shi ake haƙa kabarin.

Auwalu ya bar mahaifiya, da mata, da 'yarsa da ko tafiya ba ta fara ba.

Don Allah, yau kar wanda ya rubuta min wa ya ci, wa ya faɗi. Addu'a kawai nake roƙo. Allah Ka jiƙan Auwalu, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na ɗan'uwansa, Ka raya masa 'yarsa. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a sallarsa ta yau.