Ya Amsa Sunan Aboki

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma aka fasa famfon da muke sha tare da maƙwabtanmu Yarabawa a bakin Sabo, unguwarmu ta Hausawa. Kafin magariba samarinsu sun taru da sanduna, wai mu muka fasa, suna ihu: "Aboki, ku bar mana garinmu!" Ranar ce ta faɗo min yau, da na ji rediyo na maganar sulhun Isra'ila da Falasɗinawa.

Kakana ya zura farar rigarsa mai ƙanshin goro, ya ce, "Amaryata, taho ki yi min tafinta." A gabansu ya ce, "Kun kira aboki, ga shi ya zo." Na fassara musu, ban tsallake kalma ba, har "aboki" na mayar musu "ore" da Yarabanci. Wani dattijonsu ya ƙyalƙyale da dariya, sanduna suka sauka. Washegari tare aka gyara famfon, har yau layinmu ɗaya wajen ɗiban ruwa.

Allah ya haskaka kabarinka, Kaka.

Sai ranar ta'aziyya na daure na tambayi dattijon dalilin dariyarsa. Ya ce, "'Yata, shekara da shekaru muna zagi da kalmar nan. Kakanki ne ya fara amsa ta."